Ruwanda bayan 1994: yadda tsoron kisan ƙare dangi ya zama manufar ƙasa

Ranar 11 ga Afrilun 1994, kwana biyar da harbo jirgin shugaba Juvénal Habyarimana a sararin Kigali, mutane kimanin 2,000 suna fake a harabar makarantar koyon sana'a ta ETO da ke unguwar Kicukiro. Mafi yawansu 'yan Tutsi ne. Abin da ya tara su a can shi ne akwai sojojin Beljiyom na rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a cikin makarantar, kuma muddin sojojin suna nan, 'yan Interahamwe, ƙungiyar 'yan daba ta Hutu masu tsattsauran ra'ayi, da suka yi wa wurin ƙawanya ba sa iya shiga. Da rana sai aka umarci sojojin su tattara nasu-ya-nasu su je su taimaka a kwashe Turawa daga ƙasar. Mutane suka bi motocin da gudu suna roƙon kada a bar su. Motocin suka fice. Kafin rana ta faɗi an kora mutanen a ƙasa zuwa tudun Nyanza, aka afka musu da gurneti da bindiga da adda. Kaɗan ne suka tsira, wasunsu a ƙarƙashin gawarwaki.

Duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa gwamnatin Kigali take yin abin da take yi a yau, a cikin gida da kuma a gabashin Kongo, daga wannan harabar ya kamata ya fara. Mutanen da suka karɓi mulki a watan Yulin 1994 sun fito da darasi guda daga abin da suka gani: in an zo kashe ka babu mai zuwa ceto, don haka kada ka jira haɗari ya iso ƙofarka, ka je ka tare shi can inda yake. A ganina wannan tsoro na gaskiya ne, ba ƙirƙira ba ce. Sai dai tun da ya zama manufar gwamnati ba a sa masa iyaka ba, ba a kuma bar wa kowa damar tambayar inda ya kamata ya tsaya ba. Waɗanda suka fi biyan kuɗin wannan rashin iyaka su ne talakawan yankin Kivu na gabashin Kongo, waɗanda ba su da hannu a abin da ya faru a Kicukiro.

Ciwon ya girmi 1994

Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, Kinyarwanda, a kan tuddai ɗaya suke zaune, suna kuma auratayya. Bambancin ya wanzu tun kafin zuwan Turawa, yana da alaƙa da mallakar shanu da kusanci da fadar sarki, kuma akwai masu sauya matsayi. Beljiyom, wadda ta karɓi ƙasar daga hannun Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ta daskarar da shi. A farkon shekarun 1930 ta fito da katin shaida da aka rubuta ƙabilar kowa a jiki, ta fifita 'yan Tutsi a makaranta da sarauta, ta bar wa talakan Hutu aikin tilas. Da 'yancin kai ya matso sai ta juya ta koma bayan Hutu. A 1959 rikici ya ɓarke, aka ƙona gidajen Tutsi, aka kashe mutane, dubbai suka tsere zuwa Yuganda da Burundi da Tanganyika da Kongo. An sake kisa a 1963, an sake kora a 1973.

Cikin waɗanda aka gudu da su suna ƙanana akwai Paul Kagame, wanda aka haifa a 1957 ya kuma girma a sansanin 'yan gudun hijira a Yuganda. Can ma ba su sami sakat ba. A 1982, zamanin Milton Obote, an fatattaki masu jin Kinyarwanda daga kudu maso yammacin Yuganda, ita kuma gwamnatin Habyarimana ta dage cewa Ruwanda ta cika, babu wurin da za a sa masu son dawowa. Matasan da aka rufe wa ƙofa ta kowane ɓangare suka shiga tawayen Yoweri Museveni, suka koyi yaƙi, suka kafa ƙungiyar RPF a 1987, sannan suka kutsa Ruwanda da makami ranar 1 ga Oktoban 1990.

Ɗaya ɓangaren ma yana ɗauke da nasa tabon, kuma nazarin da ya tsallake wannan bai cika ba. 'Yan Hutu na Ruwanda suna tuna bulalar aikin tilas. Suna kuma kallon maƙwabciyarsu Burundi, inda sojojin da 'yan Tutsi suka mamaye suka kashe 'yan Hutu fiye da 100,000 a 1972, sannan a watan Oktoban 1993 suka kashe Melchior Ndadaye, shugaba Bahutu na farko da aka zaɓa, wata uku kacal da hawansa. Masu tsattsauran ra'ayi da ke kewaye da Habyarimana wannan tsoron suka ɗauka suka wasa. Jaridar Kangura da gidan rediyon RTLM suka yi ta nanata wa manomi cewa RPF ta zo ne ta mai da shi bawa, cewa maƙwabcinsa Batutsi ɗan leƙen asiri ne, kyankyaso ne, in bai riga shi ba shi za a kashe. Wato shi kansa kisan ƙare dangin da tsohon ciwo aka hura wutarsa.

Daga daren 6 ga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, cikin kwana kusan 100, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta an kashe mutum kimanin 800,000, gwamnatin Ruwanda kuma ta ce sun haura miliyan ɗaya. Mafi yawa Tutsi ne, tare da 'yan Hutu da suka ƙi shiga kisan ko suke adawa da gwamnati, irin su firaminista Agathe Uwilingiyimana. A shingen hanya katin nan na Beljiyom ake cewa ka miƙo, kalma ɗaya a jikinsa ita ke raba mai wucewa da wanda za a ja gefe. Mutane sun gudu coci suna zaton ba za a taɓa su a ɗakin ibada ba, kamar a Nyamata da Ntarama, aka bi su har ciki.

Duniya kuwa ta sani. Tun ranar 11 ga Janairu kwamandan rundunar Majalisar, Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada, ya aika wa hedikwata a New York saƙo cewa ana tara makamai ana rubuta sunayen Tutsi, ya nemi izinin kai samame, aka hana shi. Bayan an kashe sojojin Beljiyom goma, Beljiyom ta janye nata. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar daga kimanin 2,500 zuwa 270. Amurka, wadda ta sha wuya a Somaliya shekarar da ta gabata, ta yi ta kauce wa kiran abin da sunansa. Akwai waɗanda suka fita kunya: wakilan Najeriya da New Zealand da Jamhuriyar Czech a Kwamitin sun matsa a ɗauki mataki, sojojin Ghana sun ƙi tafiya, kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senegal ya yi ta kwashe mutane a motarsa har harsashin igwa ya kashe shi a ƙarshen Mayu. Amma abin da ya tsayar da kisan shi ne nasarar RPF a fagen fama, lokacin da ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli. Wannan gaskiyar ita ce jarin siyasar jam'iyyar har yau.

Gida: haɗin kai da ƙarfin doka

Sabuwar gwamnati ta gaji ƙasar da babu alƙalai, babu malamai, babu kuɗi a baitulmali, ga wanda ya kashe da wanda aka kashe wa a kan tudu ɗaya. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 fursunoni kimanin 120,000 ne cunkushe a gidajen yari. Kotun ƙasa da ƙasa da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya manya kawai ta iya kamawa, mutum 93 ta tuhuma a tsawon rayuwarta, ciki har da firaministan lokacin kisan, Jean Kambanda, wanda ya amsa laifinsa. Sauran sai aka mayar da su kotunan gargajiya na gacaca. Jama'ar ƙauye su zauna a fili, alƙalan da suka zaɓa daga cikinsu suna kan benci, a kawo wanda ake zargi cikin kayan fursuna masu launin ruwan hoda, gwauruwa ta miƙe ta faɗi abin da ta gani, shi kuma in ya amsa laifi ya nuna ramin da aka jefa gawa a rage masa hukunci. Daga 2002 zuwa 2012 an saurari shari'u kusan miliyan biyu ta wannan hanya. An yi ƙarya a wasu, an yi ramuwar gayya a wasu, babu lauyoyi, amma iyalai da yawa ta nan suka san inda ƙasusuwan 'yan uwansu suke.

An cire ƙabila daga katin shaida. Tsarin mulkin 2003 ya haramta kafa jam'iyya a kan ƙabila, ya kuma hana jam'iyya ɗaya riƙe fiye da rabin kujerun ministoci. Kowace shekara daga 7 ga Afrilu ƙasar tana shiga makoki. Wanda ya san abin da rediyo ya yi a 1994 ba zai yi mamakin gwamnatin da take sa ido a kan kowace kalma ba. Kuma barazanar ba ta ƙare a ranar da aka kama Kigali ba. A watan Maris na 1997 mayaƙa da suka tsallako daga Zayar, sunan Kongo a wancan lokaci, sun shiga makarantar sakandare ta Nyange da dare, suka ce wa ɗalibai Hutu su koma gefe ɗaya, Tutsi gefe ɗaya. Yaran suka ƙi rabuwa, suka ce su 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta gaba ɗaya. Ƙasar ta sanya su cikin gwarazanta, kuma sun cancanta.

Inda abin ya karkace shi ne dokokin da aka yi don hana maimaita kisan suka zama sandar dukan duk mai ja da gwamnati. Dokar hukunta aƙidar kisan ƙare dangi ta 2008 an rubuta ta da faɗi ƙwarai, har sai da gwamnatin da kanta ta gyara ta daga baya. Kotunan gacaca ba a ba su hurumin sauraron laifin sojojin RPF ba, kotun Arusha ma ba ta gurfanar da ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali akwai fararen hula 'yan Hutu da suka mutu a hannunsu a 1994, akwai kuma abin da ya faru a sansanin Kibeho a watan Afrilun 1995, inda gwamnati ta ce mutum 338 suka mutu, sojojin Ostireliya da ke wurin kuma suka ƙirga sama da 4,000. Kisan ƙare dangi daban, laifin yaƙi daban, kuma masu cewa an yi “kisan ƙare dangi biyu” a Ruwanda a 1994 suna ɓata tarihi ne. Amma uwar da aka kashe wa ɗa a Kibeho ita ma tana da haƙƙin ta yi kuka a fili. 'Yar adawa Victoire Ingabire ta dawo daga Holan a watan Janairun 2010 da niyyar tsayawa takara, ta tsaya a wurin tunawa da ke Kigali ta tambayi yaushe za a tuna da 'yan Hutu da aka kashe. An kama ta, aka yanke mata shekara 8, kotun ƙoli ta mayar da shi 15, sai a 2018 aka yi mata afuwa. Mawaƙi Kizito Mihigo, wanda shi kansa Batutsi ne da ya tsira kuma aka kashe mahaifinsa, ya shiga uku bayan ya rera waƙar da ta haɗa da sauran matattu a cikin juyayi. An ɗaure shi, aka sake shi, aka sake kama shi, a watan Fabrairun 2020 aka ce an tsinci gawarsa a ɗakin 'yan sanda ya rataye kansa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun nemi a yi bincike mai zaman kansa.

Kagame ya zama shugaba a 2000. An gyara tsarin mulki a 2015 don ya ci gaba, kuma a zaɓen 2024 an ce ya sami sama da kashi 99 cikin ɗari. Magoya bayansa suna nuna tituna masu tsafta, da inshorar lafiya da ta kai ƙauye, da majalisar da mata suka fi maza yawa, suna cewa siyasar jam'iyyu barkatai ta farkon shekarun 1990 ita ta haifi Interahamwe. Hujjar tana da nauyi. Abin da ba ta amsa ba shi ne ta yaya za a gane ranar da ƙasar ta warke har a sassauta, tunda wanda zai yanke wannan hukunci shi ne mai cin moriyar rashin sassautawar.

Ƙetaren iyaka

A tsakiyar Yulin 1994 gwamnatin da ta shirya kisan ta gudu Zayar da sojojinta da makamanta da kuɗin babban banki, ta kuma kora talakawa a gaba tana ce musu RPF za ta gama da su. Mutane wajen miliyan ɗaya suka kwarara garin Goma cikin 'yan kwanaki, kwalara ta kashe dubun-dubata. Faransa, wadda ta daɗe tana horar da sojojin Habyarimana, ta kafa wani yankin tsaro a kudu maso yammacin Ruwanda a ƙarƙashin shirin Turquoise. Ya ceci wasu rayuka, ta cikinsa kuma makasa da yawa suka sulale.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara tabbatar wa Kigali darasinta. Duniyar da ta kasa turo soja a watan Afrilu ta turo jiragen abinci da magani a watan Yuli, zuwa sansanonin Mugunga da Kibumba da Katale, waɗanda tsofaffin hakimai da sojoji da 'yan Interahamwe suke juyawa. Su ke raba abincin, su ke karɓar haraji, su ke kashe wanda ya ce zai koma gida. Goma ta Zayar da Gisenyi ta Ruwanda gari biyu ne da shinge kawai ya raba. Reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF ya janye daga sansanonin a ƙarshen 1994 saboda ya ga agajin yana ciyar da makasa. Ruwanda ta yi ta neman a raba masu makami da fararen hula, shugaban Zayar Mobutu Sese Seko bai yi ba, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta yi ba. A lokaci guda 'yan Tutsi na Kongo, waɗanda kakanninsu suka daɗe a can, suka shiga tsaka mai wuya: ana musanta musu zama 'yan ƙasa, ana korarsu daga Masisi, kuma a watan Oktoban 1996 mataimakin gwamnan Kivu ta Kudu ya ba 'yan Banyamulenge, Tutsin wannan lardi, wa'adin mako ɗaya su bar ƙasar.

Ruwanda ta shiga. Tare da Yuganda ta haɗa ƙawancen 'yan tawaye na AFDL, aka ɗora Laurent-Désiré Kabila a gaba, aka tarwatsa sansanonin. A tsakiyar Nuwamban 1996 mutane kimanin rabin miliyan suka juyo gida a ƙasa, layi ɗaya daga Mugunga zuwa iyaka, da tabarmi da tukwane a ka. Zuwa nan da wuya a ce Ruwanda ba ta da hujja. Amma wasu dubun-dubata sun nausa yamma cikin daji, mayaƙa a cakuɗe da mata da yara da tsofaffi, aka bi su ɗaruruwan kilomita, ta Tingi-Tingi, ta kudancin Kisangani, har Mbandaka a gaɓar kogin Kongo. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010, wanda ya tattara munanan al'amura 617 da suka faru a Kongo tsakanin 1993 da 2003, ya ce wasu hare-haren da aka kai wa waɗannan 'yan Hutu, in aka tabbatar da su a gaban kotu, za a iya kiran su kisan ƙare dangi. Ruwanda ta yi fatali da rahoton, ta yi barazanar janye sojojinta na kiyaye zaman lafiya daga Sudan. Har yau babu kotun da ta zauna a kan batun.

Mobutu ya faɗi a watan Mayun 1997. Wani hafsan Ruwanda, James Kabarebe, ya zama shugaban rundunar sojan Kongo, ƙasar da ta ninka tasa girma kusan sau 90. 'Yan Kongo ba su manta da wannan ba. Da Kabila ya sallami 'yan Ruwanda a watan Yulin 1998, sai yaƙi na biyu ya ɓarke ranar 2 ga Agusta. Kabila ya rungumi tsofaffin makasan 1994 a matsayin sojojin haya, wani na hannun damansa, Abdoulaye Yerodia Ndombasi, ya fito yana kiran Tutsi ƙwari da ya kamata a kawar, aka farauci masu kama da Tutsi a titunan Kinshasa. Ga kunnen da ya ji RTLM, wannan tsohuwar murya ce ta dawo. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, to balle a ce wannan karon macijin ne da kansa.

Sai dai yaƙin bai tsaya a kan tsaro ba. Angola da Zimbabuwe da Namibiya suka shiga bayan Kabila, ƙasar ta rabu gida-gida, kowane soja ya zauna a kan ma'adinan yankin da ya kama. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rubuta yadda aka riƙa kwasar ma'adinin koltan da zinari da lu'ulu'u ta Kigali da Kampala. A watan Yunin 2000 sojojin Ruwanda da na Yuganda, abokan juna tun daga tawayen Museveni a dajin Luwero, suka gwabza kwana shida a cikin birnin Kisangani, suka kashe ɗaruruwan fararen hula. Kisangani tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga iyakar Ruwanda, kuma wanda aka yi faɗan da shi ba Interahamwe ba ne. Tsoron 1994 ba zai iya bayyana wannan ba. Ƙungiyar agaji ta IRC ta ƙiyasta mutum miliyan 5.4 suka mutu a Kongo daga 1998 zuwa 2007, mafi yawa saboda yunwa da cuta. Wasu masana sun ce adadin ya yi yawa, amma babu mai musun cewa bala'in ya kai maƙura.

Ruwanda ta janye a hukumance a 2002 bayan yarjejeniyar Pretoria, inda Kongo ta yi alƙawarin kwance ɗamarar mayaƙan Hutu. Ba a cika ba. Mayaƙan sun riga sun sake suna zuwa FDLR, suka zauna a dazukan Kivu suna karɓar haraji, suna sayar da gawayi, suna yi wa matan Kongo fyaɗe. Daga nan aka shiga wani zagaye da bai ƙare ba. Ƙungiyar tawaye da hafsoshin Tutsi na Kongo ke jagoranta ta tashi da sunan kare al'ummarta, a zargi Ruwanda da mara mata baya, ta musanta, a yi sulhu a shigar da mayaƙan cikin sojan Kongo, bayan 'yan shekaru su sake ɓallewa. Haka CNDP ta Laurent Nkunda ta yi, haka M23 da ta ɗauko sunanta daga yarjejeniyar 23 ga Maris 2009 ta kama Goma a watan Nuwamban 2012, aka murƙushe ta a 2013, ta dawo a ƙarshen 2021. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2024 akwai sojojin Ruwanda tsakanin 3,000 zuwa 4,000 a gabashin Kongo. Su ɗin dai sun kuma rubuta cewa sojojin Kongo suna haɗa kai da FDLR a fagen daga. Duka biyun gaskiya ne, kuma kowane ɓangare rabin da ya yi masa daɗi yake karantawa. M23 ta kama garin Rubaya mai arzikin koltan a 2024, ta kama Goma a ƙarshen Janairun 2025, Bukavu kuma a watan Fabrairu.

FDLR ta yau ba rundunar da ta tsaya a Mugunga a 1995 ba ce. Ta ragu ƙwarai, an kashe kwamandanta Sylvestre Mudacumura a 2019, kuma yawancin mayaƙanta yara ne ko ba a ma haife su ba lokacin kisan. Ba za ta iya kifar da gwamnatin da ke da ɗaya daga cikin rundunonin da suka fi horo a Afirka ba. Amsar Kigali ita ce ba yawan bindiga take aunawa ba, aƙida take aunawa, kuma a 1994 ma an ce mata kada ta damu. Nan ne matsalar take. In ma'aunin barazana shi ne wanzuwar ko da mutum ɗaya mai wannan aƙida a ƙetaren iyaka, to babu ranar da sharaɗin janyewa zai cika.

Sauran maƙwabta da Turai

Irin wannan kallo ya shafi kowa. An rufe iyakar Gatuna da Yuganda daga Fabrairun 2019 zuwa Janairun 2022 bisa zargin Kampala tana ɓoye 'yan adawar Ruwanda. Burundi ta rufe tata iyakar a Janairun 2024 tana zargin Kigali da taimakon 'yan tawayenta, ta kuma tura sojoji su taya Kongo yaƙi. Dangantaka da Afirka ta Kudu ta yi tsami bayan an tsinci gawar tsohon shugaban leƙen asirin Ruwanda Patrick Karegeya a wani otal a Johannesburg a farkon 2014, kisan da Ruwanda ta musanta hannu a ciki.

Da Faransa kuwa an yanke hulɗa a 2006, lokacin da wani alƙalin Faransa ya ba da sammacin kama mukarraban Kagame kan harbo jirgin Habyarimana. Ruwanda ta mayar da harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi, ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2009 ko da yake Ingila ba ta taɓa mulkinta ba. Sai a 2021, bayan kwamitin masana tarihi ƙarƙashin Vincent Duclert ya ce Faransa tana da alhaki mai nauyi ƙwarai, Emmanuel Macron ya je Kigali ya amsa wannan alhaki, aka shirya. Da Beljiyom ta matsa a sa wa Ruwanda takunkumi kan Kongo, Kigali ta yanke hulɗa da ita a watan Maris na 2025, tana tuna mata katin shaida da tarihin mulkin mallaka. Kunyar 1994 ta daɗe tana ɗaure bakin ƙasashen Yamma, kuma shugabannin Ruwanda sun san haka sarai.

Adalci ne a faɗi cewa darasin nan ya haifi alheri ma. Ruwanda tana cikin ƙasashen da suka fi ba da sojojin kiyaye zaman lafiya a duniya. Tana cikin na farko da suka shiga Darfur a 2004, ta je Afirka ta Tsakiya, ta tura dakaru Cabo Delgado ta Mozambik a 2021, kuma an san sojojinta da cewa ba sa tsayawa kallo ana kashe fararen hula. Wannan ma ya zame mata garkuwa, domin ƙasar da ake buƙatar sojojinta ba a saurin hukunta ta.

Yanzu Kongo ma tana gina nata tarihin ciwo. Gwamnatin Félix Tshisekedi ta ware 2 ga Agusta don tunawa da waɗanda suka mutu, a ƙarƙashin sunan Genocost, kuma a yaƙin neman zaɓen 2023 Tshisekedi ya kwatanta Kagame da Hitler a gaban taro. Yaron da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira a gefen Goma yana koyon cewa duk masifarsa daga Ruwanda take, abin da ke sauƙaƙa wa shugabannin Kinshasa kauce wa tambaya kan sojan da ba a biya albashi da ƙungiyoyi masu makami fiye da 100 da ke gabashin ƙasar. Fushin kuma kan sauka a kan Tutsi ɗan Kongo, wanda ake gani a matsayin baƙo, kuma duk lokacin da aka taɓa shi Kigali ta sami sabuwar hujja.

A watan Fabrairun 2025 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2773 yana kiran Ruwanda ta janye sojojinta, Amurka kuma ta sa wa Kabarebe takunkumi. Ranar 27 ga Yuni ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Washington, yayin da Katar take shiga tsakanin Kinshasa da M23 a Doha. Ginshiƙin yarjejeniyar abu biyu ne: Kongo ta kawar da FDLR, Ruwanda ta ɗage abin da take kira matakan kare kai. Kusan abin da aka rubuta a Pretoria ke nan a 2002. Kinshasa tana cewa sai baƙin soja sun fita daga ƙasarta, Kigali tana cewa sai an gama da FDLR tukuna, kuma wani ɓangare na yankin da FDLR ta saba zama yana hannun M23 ne, inda sojan Kongo ba ya iya shiga.